Tanderun da Ba a Hura Ba: Nazari a kan Horo da Aikin Injiniyan Ƙarafa a Nijeriya

Duk shekara idan an zo cike takardar JAMB, ɗaliban da suka yi ƙarfi a lissafi da fiziks da kemistiri sukan yi rububin injiniyancin gine-gine da na lantarki da na injuna. Injiniyancin sarrafa ƙarafa yana can gefe, ba kasafai ake zaɓensa da farko ba, kuma da dama daga cikin masu karanta shi turo su aka yi bayan gurbi ya cika a sashen da suka nema. Iyaye kuwa tambayarsu ɗaya ce: idan yaro ya gama a ina zai yi aiki, tunda masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta ba ta tashi ba? Tambayar tana da tushe. Sai dai a cikinta akwai kuskuren da masu tsara ilimi su ma suka daɗe suna yi, na ɗaure fannin gaba ɗaya a ƙafar masana'anta guda. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, aikin injiniyan ƙarafa yana nan a ƙasar, har ma ƙaruwa yake yi, horon ne ya tsaya yana jiran tanderun da ba a taɓa hurawa ba.

Aikin wannan injiniya yana farawa daga inda mai haƙar ma'adinai ya tsaya. An fito da dutse daga ƙasa, a cikinsa akwai ƙarfe ko kuza ko zinari a cakuɗe da yashi da laka. Matakin farko shi ne a farfasa dutsen, a niƙa, a ware mai amfani daga marar amfani, ta hanyar nauyi ko maganaɗisu ko sinadari. Na biyu shi ne a raba ƙarfen da iskar oksijin ko farar wutar da ta riƙe shi, ko dai da zafin wuta, ko da ruwan asid, ko da lantarki. Daga nan sai a shiga ɓangaren da ya fi zurfi, wato sanin halin ƙarfe daga ciki: me ya sa wannan yake lanƙwasuwa wancan yake karyewa, yaya ɗan kabon kaɗan yake sauya shi, me zafi da sanyaya suke yi masa. Ɗanyen ƙarfen da ke fitowa daga babban tanderu yana ɗauke da kabon kusan kashi 4 cikin ɗari, shi ya sa yake da gautsi. Rodin gini kuwa kabon ɗinsa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai ilimi mai yawa, kuma a nan ne ake sanin ko gini zai tsaya ko zai rufta. Sauran rassan su ne zubi da mulmulawa da walda da yaƙi da tsatsa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, binciken Bernard Fagg ya tono tanderun narka tama na mutanen Nok waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa da ƙarnuka. A Dutsen Dala akwai alamun aikin ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. A Ririwai, kudancin jihar Kano, ana narka kuza ana zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni tun kafin Turawa su san Jos. Maƙerin da ya sa ruwan gatari a wuta har ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan yana duban launin da ke bin bakinsa, abin da yake yi shi ne abin da ɗalibin aji uku yake zanawa a takarda da sunan taurarawa da sassautawa. Shi maƙerin ya san yadda ake yi, ɗalibin kuma ya san dalili.

Abin lura a tarihin nan shi ne yadda sana'ar ta rabu biyu, rabi ya mutu rabi ya rayu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen dogo da na motoci suka wadata, suka fi tama arha da sauƙin aiki. Maƙeran baƙi da maƙeran fari suka ci gaba da ƙira, kamar yadda Philip Jaggar ya bayyana a littafinsa kan maƙeran birnin Kano, amma masu narka tama suka ɓace. Masu narka kuza su ma kamfanonin Turawa suka ture su, labarin da Bill Freund ya bi diddiginsa a littafinsa na 1981 kan haƙar kuza a Nijeriya. Tun daga lokacin muka koma masu sake sarrafa ƙarfen da wasu suka narka. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, kuma har yau mafi yawan rodin da ake yi a cikin gida daga tarkace yake fitowa.

Yadda aka tsara horon

Yunƙurin gyara wannan giɓi ya fara da gaske a 1971, lokacin da aka kafa hukumar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa. Masana daga Tarayyar Sobiyet suka taimaka wajen binciken ƙasa, aka tabbatar da tama a Itakpe. A 1979 aka kafa kamfanin Ajaokuta, aka ba kamfanin Tyajpromexport na Sobiyet kwangilar gini, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. An tsara zangon farko zai riƙa fitar da tan miliyan 1.3 a shekara. A Aladja kusa da Warri aka gina kamfanin Delta, wanda ya fara aiki a 1982 da wata fasaha daban, mai amfani da iskar gas a maimakon gasasshen kwal. Aka kuma gina masana'antun mulmula ƙarfe uku a Jos da Katsina da Oshogbo, kowace da ƙarfin tan 210,000 a shekara, su karɓi sandunan bilet daga Aladja su mayar da su rodi da waya.

Tsari ne mai hangen nesa, kuma waɗanda suka yi shi ba su manta da mutane ba. An tura ɗimbin matasan injiniyoyi da masu fasaha Tarayyar Sobiyet da Indiya su koyi aiki a gaban tanderu na gaske. An kafa cibiyar binciken ƙarafa a Jos, da hukumar binciken albarkatun ƙarfe a Kaduna, da makarantar horon masu fasahar ƙarafa a Onica tare da haɗin gwiwar Jamus, ita kanta Ajaokuta aka gina mata tata cibiyar horo. Jami'o'i suka buɗe sassa: Ahmadu Bello a Zariya, Ife, Legas, Nsukka, da jami'o'in fasaha na Akure da Owerri, daga baya Ilori da Minna. Manhajar da aka rubuta a wancan zamani tana da hoto ɗaya a gabanta, na babbar masana'anta da ke karɓar tama ta ƙofa guda tana fitar da ƙarfe ta ɗaya ƙofar, kuma ɗalibi zai gama ya tarar da kujerarsa tana jiransa.

Hakan bai faru ba, kuma yana da kyau mai karatu ya san dalilai na fasaha, domin an fi yawan ambaton na siyasa da na cin hanci, waɗanda su ma gaskiya ne. Tamar Itakpe ba ta da ƙarfi sosai, ƙarfen da ke cikinta wajen kashi 36 cikin ɗari ne, sai an niƙa an tace ta ta haura kashi 60 kafin tanderu ya karɓe ta. Babban tanderu irin na Ajaokuta yana cin gasasshen kwal, kwal ɗin Inugu kuwa ba ya gasuwa ya dunƙule yadda ake bukata, na Lafiya da Obi da ke dunƙulewa kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa. Dole ke nan a shigo da kwal daga waje, a hau da shi daga teku zuwa tsakiyar ƙasa. Uwa-uba, irin wannan tanderu idan aka hura shi ba a kashe shi, dare da rana yake ci shekara da shekaru, domin in ya huce da narkakken ƙarfe a cikinsa ya lalace. Ba wanda zai hura shi sai ya tabbata tama da kwal da farar ƙasa za su riƙa isowa ba yankewa. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da aka tsara domin wannan jigila sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. An daɗe ana cewa ginin Ajaokuta ya kai kashi 98 cikin ɗari tun 1994, amma kashi biyun da suka rage su ne waɗanda in babu su sauran ba sa aiki.

Sauran labarin sananne ne. An ba wani kamfanin Indiya jinginar masana'antar a tsakiyar shekarun 2000, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar a 2008, aka shiga shari'a, a 2022 gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 496 domin a rufe rigimar. Delta ta durƙushe, masana'antun mulmulawa uku suka rasa bilet, aka sayar da su. Kamfanin alminiyum na Ikot Abasi da ya fara aiki a 1997 ya tsaya a 1999. A 2023 aka ware wa ƙarafa ma'aikata ta kansu.

Asarar da ta fi damuna a duk wannan ita ce ta mutane. Waɗanda aka horar a ƙasashen waje suna samari sun yi ritaya, wasu sun rasu, ba tare da sun miƙa wa kowa abin da hannunsu ya koya ba. Ilimin tanderu ba ya zama a littafi kaɗai. Akwai sanin launin wuta da ƙarar iska da kaurin kashin maƙera lokacin da yake kwarara, wanda sai an tsaya kusa da wanda ya iya ake samunsa. Ko gobe aka kammala Ajaokuta, wannan sarƙar ta riga ta tsinke, sai an sake tura wasu su koyo daga farko.

Ɗalibin yau

Digirin shekara biyar ne. Shekara biyun farko na gama-gari ne tare da sauran injiniyoyi, lissafi da zane da ƙarfin kayayyaki da aikin bita. A aji uku ake shiga fannin sosai, a aji huɗu a tafi koyon aiki na wata shida ƙarƙashin shirin SIWES, a aji biyar a yi aikin bincike. Bayan hidimar ƙasa da wasu shekaru na aiki sai mutum ya nemi rajistar COREN, wadda ita ce ke ba shi izinin amsa sunan injiniya. Akwai kuma hanyar kwalejojin fasaha, irin ta Kaduna mai sashen albarkatun ma'adinai da ta Idah mai koyar da ƙarafa da zubi, inda ake yin difloma ta ƙasa da babbar difloma. A wannan fanni raina mai difloma kuskure ne babba, domin sau da yawa shi ne ya fi daɗewa a gaban wuta.

Raunin horon yana bayyana a wurare biyu. Na farko ɗakin gwaji. Zuciyar wannan ilimi ita ce ɗalibi ya yanko ɗan guntun ƙarfe, ya goge shi da takardar yashi daga mai kaushi zuwa mai laushi har ya yi sheƙi, ya ɗiga masa ruwan asid mai rauni, ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ya ga ƙwayoyin ƙarfen, farare da masu duhu, daga yawan masu duhun ya ƙiyasta kabon, daga girman ƙwayoyin ya gane irin zafin da ƙarfen ya sha. Sannan ya ɗaura sanda a injin ja, ya ga inda ta fara miƙewa, ta yi wuya, ta tsinke. Wanda ya yi wannan sau da yawa da hannunsa ya zama injiniya. Wanda ya leƙa sau ɗaya a bayan kafaɗar mutum talatin, ko ya kwafi sakamakon bara domin injin ya lalace ko babu wuta, ya dai sami takarda. Na biyu shi ne wata shidan koyon aiki. An tsara su ne da tunanin akwai Ajaokuta da Aladja da za su karɓi ɗalibai. Da babu su, sai ka ga ɗalibin ƙarafa ya ƙare a garejin gyaran mota ko a ofishin ma'aikata yana jera fayil.

Inda aikin yake

Wuri na farko shi ne masana'antun narka tarkace, waɗanda suka yawaita a yankin Ikorodu da Ogijo, akwai su kuma a Kano da wasu garuruwa. Abin da 'yan jari-bola suka tsinto, 'yan gwangwan suka auna suka loda a tirela, can yake ƙarewa. Yawancinsu suna amfani da tanderun lantarki mai narkarwa da ƙarfin maganaɗisu. Wannan tanderu yana da arha da sauri, amma narkarwa kawai ya iya, ba ya tace ƙarfe sosai. Fosfaras da farar wutar da suka shiga tare da tarkace suna nan, jan ƙarfe da kuzar da suka biyo wayoyi da gwangwanaye ba sa fita. Idan ba a ware tarkacen da kyau ba, ba a kuma auna sinadaran kowace narka kafin a zuba ba, sai a sami rodi mai kyan gani wanda zai karye a hannun mai lanƙwasa shi. Saboda irin wannan matsala ce Sin ta haramta yin ƙarfen gini da irin wannan tanderu a 2017. Mu kuwa da shi muke gina benaye. Duk inda aka ji bene ya rufta ana tuhumar siminti da harsashi, ya kamata a riƙa tuhumar rodi ma, a kuma tambayi wane ne ya sa hannu a takardar ingancinsa. Kujerar injiniyan ƙarafa ke nan, kuma da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da COREN za su tilasta kowace masana'anta ta ajiye injiniya mai rajista wanda zai ɗauki alhakin kowace narka, da guraben aiki sun buɗe, rayuka kuma sun tsira. Ba zan ɓoye ba, aiki ne mai zafi da haɗari, albashin farko ba shi da yawa, manyan kujerun fasaha kuma galibi baƙi ne a kansu. Amma nan ne kaɗai matashi zai ga narkakken ƙarfe kullum.

Wuri na biyu, wato sarrafa ma'adinai, ya fi kusa da mu, ya kuma fi ciwo. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu. Dutsen zinarin yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. An ɗauki abin a matsayin matsalar lafiya, kuma haka ne, amma asalinsa matsalar sarrafa ma'adinai ce. Gwajin dutse kafin a fara aiki zai nuna dalmar. Niƙa da ruwa yana kashe ƙura. Fitar da wurin niƙa daga cikin gari, da ware zinari ta hanyar nauyi a kan teburin girgiza, suna rage bukatar zaibar da ake ƙonawa ana shaƙar hayaƙinta, suna kuma ƙara yawan zinarin da ake samu. Duk wannan darasin aji uku ne. Dubban mutane suna wannan sana'a daga Zamfara zuwa Neja da Kaduna da Kebbi, kuma da wuya ka sami injiniya ɗaya a tsakaninsu. Rashin tsaro ya ƙara nisanta su, gaskiya ne, amma tun kafin lamarin ya ɓaci ba a tsara horon da zai kai ɗalibi can ba.

Haka abin yake a sauran ma'adinai. Filato ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait a shekarun 1950, an kuma yi masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos, yau kuwa yawancin abin da ake haƙowa ɗanye yake fita. Mahaƙar zinari ta Segilola a jihar Osun ta fara aiki a 2021 da injinan tacewa na zamani. A Nasarawa an fara buɗe masana'antun tace lithiyum. Gwamnati tana ta nanata cewa ba za a ƙara fitar da ma'adinai ba tare da an sarrafa su a gida ba. In da gaske ake, kowace irin wannan masana'anta tana bukatar wanda ya san niƙa da tacewa, kuma idan ba mu horar da namu ba masu jarin za su zo da nasu. Maƙwabtanmu na Nijar sun san wannan tun da daɗewa. Yuraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙa a 1971, ana jiƙa shi da asid a tace shi ya zama garin rawaya kafin ya bar ƙasar, kuma makarantar EMIG ta Yamai da makarantar ma'adinai ta Agadas sun horar da 'yan ƙasa domin wannan aiki. Rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a 2021 ya nuna musu su ma haɗarin rataya sana'a a wuyan kamfani ɗaya.

Wuri na uku shi ne mai da gas da manyan gine-ginen ƙarfe. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614 ne, kowace gaɓa an haɗa ta da walda, kowace walda sai an duba cikinta da hoton haske ko na'urar sauti ba tare da an fasa ta ba. Matatun mai da masana'antun taki da na siminti kullum suna fama da tsatsa da zaizayewar ƙarfe. A wannan ɓangare digiri kaɗai ba ya isa, ana neman takardun ƙwarewa na duba walda da gwajin da ba ya lalata kaya, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin sababbin masu digiri. Wanda ya same su kuwa aikinsa ba ya tsayawa a Nijeriya.

Idan aka auna waɗannan wurare uku da manhajar da ake koyarwa, za a ga inda gyara yake. Ba cewa nake a daina koyar da babban tanderu ba, domin har yanzu kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfen duniya ta wannan hanya yake fitowa. Amma lokacin da ake ba shi ya kamata a raba shi da narka tarkace, da tace ma'adinai a ƙaramin mataki, da walda, da tsatsa. Sauya sunan sassa zuwa na ƙarafa da kayayyaki, wanda yawancin jami'o'i suka yi domin shigo da roba da tangaran da gilashi, ya faɗaɗa fagen, sai dai suna ba ya maye gurbin injin gwaji mai aiki. Cibiyar Jos da makarantar Onica da bitocin Ajaokuta, waɗanda har yanzu suna da injuna da wurin zubi, za su iya zama wuraren koyon aiki na dole ga ɗaliban aji huɗu, ko da babban tanderun bai tashi ba. Jihohin da ke da ma'adinai kuma, musamman Zamfara da Neja da Nasarawa da Filato da Kaduna, su ne suka fi kowa bukatar ɗaukar nauyin 'ya'yansu a wannan fanni da biya musu kuɗin takardun ƙwarewa, maimakon a bar tallafin karatu ya ƙare a likitanci da lauya kaɗai.

Ga ɗalibin da aka tura wannan sashe ba da son ransa ba, shawarata kada ya ɓata shekara biyar yana neman hanyar sauya kwas. Ya riƙe kemistiri da ilimin zafi da kyau, ya nace sai ya taɓa kowane inji da ke ɗakin gwaji, ya nemi wurin koyon aikinsa da kansa tun yana aji uku, a masana'antar rodi ko wurin zubi ko wurin tace ma'adinai, ko da ba za a biya shi ko sisi ba. Ya kuma riƙa zama a maƙerar unguwarsu yana tambaya, domin a can zai ga da idonsa abin da malam ya zana masa a allo.